Kaburburan Da Ba A Sa Ni Gyarawa Ba

Ejan da ya yi mini hanya a Kano ya rantse mini cewa direba zan zama a Doha, mota mai sanyi, in ɗauko manya daga filin jirgi in kai su otal. Ya ce ina sauka zan ga mutum riƙe da allo da sunana a jiki. To, na sauka a filin jirgin Hamad, alluna kam na gan su har na gaji da karantawa, amma babu Hashimu ko ɗaya a cikinsu. Na kira lambar ejan, a kashe. Na zauna a kan jakata tun hantsi har la'asar, sanyin na'ura yana ratsa ni, ina kallon mutane suna rungumar 'yan uwansu suna wucewa.

Hausa ce ta cece ni. Wani dattijo mai furfura a gemu ya zo wucewa yana faɗa a waya, yana cewa, "Ni ina zan san shi? Ɗan Najeriya kawai aka ce mini, a goshi ake rubutawa?" Ban san lokacin da na miƙe na riƙe masa hannun riga ba. Shi ne Baba Isiyaku, mutumin Zariya, direban bas ɗin kamfanin da ya ɗauke ni, kuma ashe ni yake nema.

"Baba, ni ne sabon direban," na ce masa.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi dariya har da tari. "Duk wanda na ɗauko a nan direba ne, ɗan nan. Yalla, mu tafi, ɗauko jakarka. Gobe za a ba ka hula da takalmi, ka ga irin motar da za ka tuƙa."

Gadi ne. Na ji haushi ƙwarai, na zagi ejan nan a zuciyata zagin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Amma babur ɗin da nake acaɓa da shi a Kazaure na sayar na yi hanya, na bar matata Rabi da 'yarmu a gidan iyayenta. In na juya, babu abin da zan koma wa. Na karɓi hula na sa.

Masaukinmu a Bin Omran yake, wani tsohon gida da aka cika da gadaje masu hawa. Akwai mu 'yan Arewa, akwai 'yan zangon Kumasi da ke jin Hausa irin tasu, akwai 'yan Nepal da 'yan Uganda. Kowa da tukunyarsa, kowa da wayarsa a kunne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da a gida nake zama a ƙofar gida ana ta gaisawa. A nan sai in dawo in kwanta ina kallon ƙasan gadon wani. Baba Isiyaku ne yake leƙowa ya ja ni ɗakinsa, ya dama mana kunu da garin da yake ɓoyewa a ƙasan akwati, ya yi ta yi mini tsiya har in manta.

Wurin da aka fara kai ni a Al Wukair ne, ƙofar wani fili da ake gina gidaje. Aikin shi ne in tsaya. To ni kuwa akwai wani hali da Allah Ya yi ni da shi, hannuna ba ya zama. In na ga abu a karkace sai na miƙe shi, ko da ba nawa ba ne. Wata rana na ga wasu leburori suna fama da baro, tayar ta fita, suna jansa a ƙasa a cikin wannan rana mai narka mutum. Na ce bari in ɗan duba musu. Ina durƙushe ina ɗaure ƙusa, mudir, wato shugabanmu na masu gadi, ya iso ya tarar da ƙofa a buɗe babu kowa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna ni da makullin mota ya ce in aka ƙara, khalas, wato shi ke nan, tikitin komawa gida kawai zai yanka mini.

Baba Isiyaku ya ji labari, ya kama haɓa. Bayan 'yan kwanaki ya zo yana murmushi ya ce, "Na roƙar maka wani wuri. Kowa gudunsa yake saboda kaɗaici, amma kai ya dace da kai. Wallahi ko kana so ka yi gyara babu abin taɓawa. Duwatsu ne kawai."

Ya ɗauke ni muka yi arewa. Dogayen benayen Doha suka koma baya, gidaje suka ƙare, kwalta ma ta ƙare, muka shiga wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai farin tsakuwa. Can sai ga shingen waya, da kwantena guda da aka mayar ɗaki, da tankin ruwa. A cikin shingen akwai wani dogon tudu, a bisansa tarin duwatsu nan da can, wasu sun kai ƙuguna, wasu sun baje. Na ce a raina, yanzu wannan aka kawo ƙato kamata ya yi wa gadi?

A ranar wata mata ta zo da mota, 'yar ƙasar, ba za ta wuce sa'ar yayata ba. Dokta Muna ake ce mata, tana cikin masu binciken kayan tarihi da ke kula da wurin. Turancinta da gudu yake, nawa kuwa na sakandare ne, amma na tsinci abin da na tsinta. Ta ce waɗannan tarin duwatsu kaburbura ne na mutanen da suka zauna a nan tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa. Hukuma ta kewaye su don kada su salwanta. Kada in bar masu yawon sahara su hau da mota, kada in bar kowa ya ɗauki dutse. Ta ce ba za ta dawo ba sai zafi ya sauka, sannan ta tafi.

Da na ji kalmar kabari sai wurin ya canza mini gaba ɗaya. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, yana cikin masu kula da maƙabartar unguwarmu. Duk daminar duniya, in aka kwana ana ruwa, da safe zai tashe mu mu ɗauki shebur da kwando mu bi shi. Kabarin da ya rufta mu cike shi, wanda ruwa ya zaizaye mu tayar da shi, mu cire ciyawa. Bai taɓa tambayar na wane ne ba. A wurinsa, unguwar da ta bar kabari a rufce ta yi abin kunya. Da wannan na tashi, har ya zama in na wuce maƙabartar wani gari idona yana neman inda ya lotsa.

Watannin zafi na yi su a cikin kwantena, ina fitowa zagaye da safe da yamma. Wanda nake gani a kai a kai wani tsoho ne mai raƙuma, Abu Salim, da ke da garke a bayan tudun. Ranar farko ya tsaya a bakin shinge ya miƙo mini kwano cike da nonon raƙumi da dabino a leda. Daga nan ya zama kullum. Larabcina na Islamiyya ne, nasa kuma na daji, don haka hirarmu rabi da baki ce rabi da hannu. Amma na san in ya makara ina damuwa, shi ma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni sai da ya buga ƙofar kwantena.

Sai sanyi ya shigo, aka yi ruwa. Ban taɓa zaton ana ruwa haka a ƙasar nan ba. Da gari ya waye na fita zagaye, ƙasa tana ƙamshi irin na gida, kewar Kazaure ta taso mini. Na hau tudun, na tsaya a kan babban kabarin da ke can ƙarshe. Tsakiyarsa a lotse take, ruwa ya kwanta a ciki, duwatsunsa sun warwatse a gefe. Na daɗe ina ganinsa haka, amma ranar da ruwan nan a ciki sai na kasa ɗauke ido. Na ce, bawan Allah nan ko wane ne, ba shi da kowa a duniya yau sai ni. An ce kada a ɗauki dutse a fita da shi, ni kuwa ba fita zan yi da shi ba.

Na kwashe ruwan da gwangwani. Na tattaro duwatsun gefe na jera su a sama. Ba su isa ba, sai na gangara bakin wani kwari na yi ta jido wasu a ka, na cike ramin, na daddale, na share kewayensa tas. Da na gama wannan na koma na kusa da shi. Abu Salim ya zo ya tarar da ni, ya yi ta kaɗa hannu yana cewa, "La, la, ya Hashim!" Ni duk a zatona cewa yake kada in wahalar da kaina. Na dafa ƙirji na nuna sama, wato don Allah nake yi. Ya girgiza kai ya ja raƙumansa.

Gaskiya na ji daɗin aikin nan. Tun da na zo ƙasar, ranar ce ta farko da na ji na yi wani abu da hannuna wanda ya yi kyau.

Da Dokta Muna ta dawo da mutanenta da kayan aikinsu, ni da kaina na yi mata jagora, ina gaba ina washe baki. Muna isa ta tsaya cak. Ta dubi takardar hoton da ke hannunta, ta dubi kabarin, ta sake duban hoton. Sai kawai ta zauna a ƙasa da abayarta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Dokta. Ruwa ne ya ɓata shi, na gyara."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta buɗe, a hankali ta yi magana, yadda zan gane. Ta ce mutanen nan ba su bar rubutu ba, ba su bar gari ba. Abin da suka bari kawai shi ne yadda suka ajiye duwatsun nan, da yadda zamani ya zubar da su. Daga inda kowane dutse yake kwance ake gane yadda aka gina kabarin, da ko an taɓa buɗe shi. Ramin da na cike ma ba ruwa ne ya yi shi ba, wasu ne suka tona tun zamanin da. Kuma wannan kabarin shi ne wanda suka daɗe suna neman izinin bincikawa a bana. Yanzu ga duwatsun kwari na cakuɗa da na asali.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin azahar mudir ya iso. Wannan karon ya ɗaga murya. Ya ce kamfani zai iya rasa kwangilar wurin saboda ni, ya karɓe hular, ya ce in koma Bin Omran in haɗa kayana in jira tikiti. A hanya, da muka hango benayen Doha, Baba Isiyaku ya dube ni.

"Hashimu," ya ce, "na kai ka inda babu komai sai duwatsu, ka gyara duwatsun. Ni dai ka fi ƙarfina."

Ya so in yi dariya, na kasa.

Zaman jiran nan shi ne mafi wuya a duk tafiyata. Kowa ya fita aiki, ni kaɗai a ɗaki da jaka a ɗaure. Rabi ta kira tana ba ni labarin 'yarmu ta fara haɗa magana, na yi ta cewa madalla, na kasa gaya mata. Ina tunanin yadda zan sauka a tashar Kazaure, waɗanda suka raka ni su tambaye ni me ya faru, in ce kabarin mutanen da na gyara. Wa zai yarda? Wani ɗan Kumasi da ke gadon sama, Mumuni, ya lura ba na girki. Kullum in zai fita sai ya bar mini shinkafa da wake a rufe a kan jakata, ya ce, "Ci, ɗan uwa, jirgi ba ya ɗaukar mai yunwa kyauta."

Wata safiya Baba Isiyaku ya shigo ya ce in sa takalmi. Na ɗauka filin jirgi ne, na kai hannu kan jaka. Ya ce in bar ta. Dokta ce ta ce a kawo ni, domin babu wanda ya san duwatsun da aka jido daga kwari sai wanda ya jido su. In na gama warware ɓarnata, maganar tikiti tana nan.

Haka na koma kwantena da zama, ba hula, ba matsayi. Aka ba ni hotunan da suka ɗauka daga sama tun bara, aka haɗa ni da wani ma'aikacinsu. In nuna dutse in ce wannan na kwari ne, a sa masa alama, in ɗauke shi in kai gefe. Wanda na asali ne, a duba hoto a nemi inda yake a da. Wasu na tuna, wasu na yi ta juyawa na rasa, in ce ban sani ba. Dokta ta ce "ban sani ba" ɗin ta fi mata amfani a kan in yi ƙarya, kuma ta rubuta shi haka. Akwai abin da ya ɓace ke nan har abada ta dalilina, ba ta ɓoye mini ba. Da hannuna na sake buɗe ramin da na cike, na mayar da duwatsu warwatse yadda na same su. Ya yi mini ciwo, don idona har lokacin gani yake kamar ɓatawa nake.

Da aka gama ba a ce in tafi ba, ni kuma ban tambaya ba. Suka fara nasu tonon, na zama mai ɗaukar bokiti zuwa wurin rariya. Ban taɓa ganin tono irin wannan ba. Mu a gida kafin a gama wanka da sutura mun gama kabari. Su kuwa da cokalin magina da buroshi suke yi, yini guda ba su sauka tsawon ɗan yatsa ba. Da farko abin ya ba ni haushi, hannuna har ƙaiƙayi yake. A hankali na fara ganin abin da suke gani, inda launin ƙasa ya canza, inda aka jera duwatsu a tsaye aka yi ɗan ɗaki. Wanda ya jera su ya iya aiki, kuma ya yi shi da kulawa.

A ƙasar da na kai rariya aka sami tsakiya ta ado, 'yar ƙarama ja, da huda a tsakiyarta. Irin wadda kakata take ɗaurawa a wuya. Na tsaya ina jujjuya ta a tafin hannu. Daga baya aka kai ga 'yan guntayen ƙasusuwa, an kwantar da mai su a kan gefe, gwiwoyi a naɗe. Na ja baya na tsaya, ban san addu'ar da ta dace da wanda ya rayu kafin saƙon Musulunci ya iso ba, sai na ce Allah Kai Ka halicce shi, Kai Ka san shi.

Da aka tashi shan shayi Dokta Muna ta kira ni gefe. "Hashim, har yau ban tambaye ka ba. Me ya sa ka yi?"

Na ba ta labarin mahaifina da shebur da safiyar damina, da Turancina mai ɗingishi, ina cikawa da Larabci. Ta saurara har na gama. Ta ce kakanta ya yi ta wucewa ta nan da raƙuma, bai taɓa ɗaga dutse ɗaya ba, yana cewa a bar masu barci su yi barcinsu. "Naka ya koya maka ka taɓa, nawa ya koya mini in bari," ta ce. "Ga shi ni ce nake tonawa."

"To Dokta, ƙasusuwan fa? Za a mayar da su?"

Ta ce za a kai su a auna, a adana su da mutunci, amma ba za ta yi mini alƙawarin abin da ba a hannunta yake ba. Amsar ba ta kwanta mini ba, har yanzu ma ba ta gama kwanta mini ba. Sai dai na ji daɗin da ba ta rufe ni ba.

Da suka kammala, aka shimfiɗa wani farin ƙyalle a cikin ramin, aka ce a mayar da ƙasa. Ta miƙo mini shebur da kanta ta ce in yi yadda na iya, amma in bi hoto. Na cike shi a tsanake, Abu Salim yana bakin shinge yana kallo, wannan karon bai ce la ba. Suka loda kayansu. Na so in tambaye ta matsayina, amma na bari. Ta ce mini ma'assalama kawai, motarsu ta tafi.

Washegari da hantsi na hango bas ɗin kamfani tana tahowa. Na wanke fuska, na tsaya a bakin ƙofa. Baba Isiyaku ya fito fuska a murtuke, ya zagaya baya ya sauko da jakata ya dire a ƙasa. Na ce shi ke nan, daga nan sai filin jirgi. Sai na ga ya koma ya jawo tukunyar gas. Ya sake komawa ya turo buhun shinkafa har bakin ƙofar motar.

"Baba, wannan fa?"

"Kai da ganin buhu ka san ba jirgi za shi ba. Matar nan ta je ofis da kanta. Ta ce ita mai gadin da take so shi ne wanda ya san akwai mutane a ƙarƙashin duwatsun nan, kuma ya riga ya sha wuyar taɓa su. Mudir ya yi ta kumfar baki, ta ce ko kai ko ta nemi wani kamfanin. Baɗi ma in sun dawo tono da kai za a yi." Ya ciro hulata daga aljihu ya jefo mini. "To tsayuwar me kake? Ni zan ɗaukar maka, da furfurata?"

Na sunkuya na ɗora buhun a ka. Na nufi kwantena hawaye yana zubo mini, ba hannun sharewa, Baba Isiyaku yana biye da ni da tukunyar gas yana cewa in yi sauri in kira Rabi kafin kukan ya ƙare, ta ji da kunnenta.